Izinin Dawo da Noreen

Litinin, 4 ga Maris, 2019

Yau na kai takardun neman izini ofishin gari da hannuna. Whitcomb, lauyana, ya ce in bari ya tura ta kwamfuta, na ce a'a, ina so su ga fuskata. Yarinyar da ke karɓa ta karanta layin farko, ta ɗago ta dube ni, ta sake karantawa. "Mista Pavlik, wurin ajiye mutanen da aka daskarar... mutane kake nufi, mutane?" Na ce eh, kuma ɗaya daga cikinsu ita ta koya wa uwarki ɗinki. Ta buga hatimi.

Tsohon siton cukuna na Titin Quarry za a gyara. Kamfanin da ke ajiye da matata Noreen a can hamadar kudu sun yarda su buɗe reshe a cikinsa, muddin na samo izinin gari kafin Satumba. In ban samu ba, akwai wani gari a wata jiha da ya riga ya yi musu tayi. Can za su, Noreen kuma ta ci gaba da zama inda take.

Shekara uku ke nan. A gadon asibiti da bakinta ta ce, "Gus, na yarda da wannan haukan naka. A daskarar da ni, in likitocin gaba sun iya su tashe ni. Amma kada ka bar ni a garin da ban san kowa ba." Na ce ba zan bar ki ba. Abin da ya rage min in yi a duniya ke nan.

Alhamis, 7 ga Maris

Jaridar gari ta buga labarin. Hoton da suka sa, tun ina da gashi ne.

Juma'a, 15 ga Maris

Na je cin soyayyen kifi a zauren tsoffin sojoji, kamar kowace Juma'a. Ina shiga hira ta ɗauke. Duane Lemke mai gidan mai ne ya fara, daga can kan kanta: "Ga Sarkin Sanyi nan. Gus, in na mutu ka ajiye ni kusa da giya, ka ga an sanyaya abu biyu a kuɗi ɗaya." Aka yi dariya. Na ce masa kai ai ba ka buƙatar firiza, abin da ka sha ya isa ya hana ka ruɓewa. Aka fi yin dariya. Amma babu wanda ya jawo min kujera.

Orrin yana teburin kusurwa da yaransa 'yan kwana-kwana. Ƙanin Noreen, wanda ita ta raine shi bayan uwarsu ta rasu, ita ta yi ta yi masa wanki har ya yi aure. Tun da ta tafi bai ce min ko sannu ba. Ya dube ni, ya dubi kifinsa. Kifin ya fi ni samun kallo.

Rabin mutanen zauren nan da hannuna madararsu ta kwana ba ta lalace ba. Na fito sakandare da ƙyar, da akwatin sifana da tsohuwar a-kori-kura, ina bin gona gona cikin dusar ƙanƙara ina gyara musu tankin sanyaya madara. Lokacin "Gus, taimaka" ne. Yanzu na zama abin nishaɗin Juma'a.

Talata, 26 ga Maris

Whitcomb ya ce in bi gidajen Titin Quarry ɗaya bayan ɗaya, da kek a hannu, in zauna a kicin ɗinsu su yi min tambayoyi. Wai a nan ake gama magana, zaure sa hannu ne kawai. Yaron da aka haifa a Milwaukee zai koya min yadda ake yi a garinmu Brannock.

Ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofar wani ina roƙo ba. Gini nawa, fili nawa, mata tawa.

Talata, 9 ga Afrilu

Zaman jin ra'ayin jama'a. Zauren ya cika har an ɗauko kujerun coci. Rabon da mutane su taru haka tun rigimar kwatar gari.

Ardis Thielke ce shugabar kwamitin tsara gari. Ajinmu ɗaya tun firamare, ita ta wuce jami'a ta dawo tana koyarwa, ni na wuce gareji. Yau "Mista Pavlik" take ce min, tana leƙo ni ta saman tabarau, kamar ba ni ne na taɓa fitar da motar ubanta daga laka ba.

Tun farko suka rasa inda za su sa ni. Dokar gari ta san sito, ta san asibiti, ta san maƙabarta. Wani a kwamitin ya ce sito ne, tunda ajiya ake yi. Wani ya ce to ai cuku ba shi da 'ya'ya da jikoki. Whitcomb ya miƙe ya ce doka ta yarda su ba da izini na musamman su ɗora sharuɗɗansu. Ardis ta rubuta.

Sai jama'a. Matar Schroeder ta tambaya ko zai yi wari. Wani sabon zuwa da ya sayi gida a bayan siton ya ce darajar gidansa za ta faɗi. Wata ta ce ta nan jikokinta ke bi zuwa makaranta, sai ka ce leƙowa za a yi ta taga a gaishe su. Duane ya ce in an ɗauke wuta fa, narkewa za su yi su biyo lambatu? Na yi musu bayani. Tankin ƙarfe ne mai bango biyu, cike da ruwan nitrojin, babu ruwansa da lantarki, ƙara masa ruwan kawai ake yi lokaci lokaci. Ba wari, ba ƙara, ba hayaƙi. Ya fi gidan man Duane tsabta.

Whitcomb ya riga ya ce min in na kai nan in yi godiya in zauna. Da na zauna ɗin. Sai matar Schroeder ta ce daga kujerarta, su dai ba sa son a zo a ɗora musu abin da ba su nema ba. Na ce fitilun filin ƙwallo kun nema? Rufin da kike zaune a ƙarƙashinsa yanzu fa? Motar asibitin da ta ɗauki mijinki ranar da zuciyarsa ta tsaya, wa ya saya?

Ba ƙarya na yi ba, ko ɗaya. Matar Schroeder ta rungume jakarta a ƙirji. Ardis ta cire tabarau ta ce, "An gode, Mista Pavlik. Ba mu san rance ba ne." Aka ɗage zuwa watan gobe, sai shugaban 'yan kwana-kwana ya duba ginin ya kawo rahoto. Wato Orrin.

Whitcomb ya kawo ni gida a mota. Da zan sauka ya ce, "Kowa a garin nan ya san wanda ya sayi motar. Shi ya sa ba a faɗa." Kuma ni ke biyansa.

Laraba, 10 ga Afrilu

Janelle ta bugo daga Madison, labari ya riga ya kai mata. "Baba, ka je ka ga Kawu Orrin tun kafin ya zo maka da hular aiki." Na ce shi ne ƙarami, ya san hanyar gidana. Ta ce, "Kai da shi Mama ce ke lallaɓa ku, yanzu ni kuka bar wa." Ta kashe.

'Ya ɗaya gare ni, ita ma rabinta nasu ne.

Laraba, 24 ga Afrilu

Ya zo da hular aikin kuwa. Ya zagaye siton, ya ƙwanƙwasa bango, ya hau tsani ya leƙa rufi, ya buɗe kowace ƙofa ya rufe. Ina biye da shi kamar ɗan haya. Da ya gama ya ce, "Gininka ba shi da laifi. Ba ka taɓa yin aikin banza ba, wannan ko maƙiyinka ya sani."

Na ɗauka shi ke nan. Sai ya ce in nitrojin ya zube yana korar iskar shaƙa, mutum ya shigo bai ji warin komai ba ya faɗi. Kamar ni zai gaya wa. Zai rubuta a sa na'urar auna iska da manyan fanka masu zuƙewa. Na ce a sa. "Kuma zan rubuta cewa in wuta ta tashi ko tanki ya fashe, yarana daga waje za su tsaya. 'Yan sa-kai ne, da iyalansu. Ba zan tura mai rai ciki saboda gawa ba."

Na ce ba gawa ba ce. Marar lafiya ce tana jiran magani.

"Kai ka sani. Ni ban gan ta ba. Na iso asibiti da safe da furanni a hannu, na tarar an gyara gado. Nas ce ta gaya min an sa yayata cikin ƙanƙara an nufi filin jirgi."

Na ce masa a wannan aikin ba a jiran kowa. Likita na cewa zuciya ta tsaya ake fara sanyayawa, duk jinkiri ƙwaƙwalwa yake ci. Ko Janelle ba ta same ta ba. Ya ce, "Eh, ta gaya min." Ya sa hannu a takardarsa ya tafi.

Da na jira shi da furanninsa, me zai rage a tayar?

Lahadi, 5 ga Mayu

Wani ya kafa ɗan ƙaramin allo a bakin siton: GIDAN HUTU NA GUS, A SHIGO DA RIGAR SANYI. Rubutun Duane ne, na san shi. Na cire na sa a murhu. Katakon mai kyau ne, ya ci wuta.

Talata, 14 ga Mayu

Sun yarda. Wato sun ce za su yarda, in na cika sharuɗɗa.

Ardis ta yi ta karantowa. Na'urar auna iska, fanka, duk abin da Orrin ya rubuta. Motar nitrojin ba za ta shigo lokacin tashin makaranta ba. Ba za a kafa allo mai sunan abin da ake yi a ciki ba. A shuka itatuwa tsakanina da sabon zuwan nan, kada ya leƙo daga kicin ya tuna shi ma zai mutu. Duk ina gyaɗa kai. Har na fara tunanin wanda zan ba aikin fentin.

Sai ta zo na ƙarshe. Duk wanda za a ajiye a ginin, sai an tanadar masa kabari da sunansa a cikin garin nan, kuma maƙabartar ta ba da shaida a rubuce kafin izini ya fita. Na ce ban ji ba, ta maimaita. Ta ce kamfani ma yana mutuwa kamar mutum. In wata rana naku ya durƙushe, ba ku nan, ba mu nan, kada jikokinmu su gaji tankuna cike da mutane su rasa inda za su kai su. Ta nan ma gari zai iya binnewa da kansa ba sai ya nemi yardar kowa ba.

Na ce ni duk abin da nake yi don kada ta shiga ƙasa nake yi, ku kuma ku ce in tanadar mata rami? Ardis ta ce, "Ba mu ce ka sa ta ba, Gus. Mun ce ya kasance." Yau ta tuna sunana.

Whitcomb yana ta murna a waje, wai mun ci. Bai san garin ba har yanzu.

Laraba, 15 ga Mayu

Maƙabarta ɗaya ce a Brannock, ta cocin Bethel. Shugaban kwamitinta Orrin. A garin nan ko ta ina ka juya shi za ka tarar.

Laraba, 22 ga Mayu

Whitcomb ya je cocin a madadin kamfani. Sun sayar masa da layi guda a can gefen katanga domin baƙin da za a kawo nan gaba, da murnarsu ma, dama suna son gyara rufin coci. Takardar shaida ta fito a rana ɗaya. Da ya ce a ƙara sunan Noreen a layin, Orrin ya ce a'a. Noreen tana da nata, kusa da iyayenta, ba a sayar wa mutum ɗaya kabari biyu. Shaidar nata kuma, mijinta ya zo da kansa.

Mutanen da ba su taɓa taka garin nan ba sun samu. Matata da aka haifa a nan ce ba ta samu ba.

Talata, 28 ga Mayu

Jiya ranar tunawa da sojoji, kowa ya je ya gyara kabarin 'yan'uwansa. Na bari sai yau da babu jama'a. Na sami Orrin a maƙabartar yana tura injin yankan ciyawa.

Na manta da dutsen kabarinmu, ko in ce ban so tunawa ba. Noreen ce ta sa aka yi shi shekarar da muka cika hamsin, kamar yadda iyayenta suka yi, kamar yadda kowa ke yi a nan. PAVLIK a sama, Augustin, wato ni, hagu, Noreen dama, ranar haihuwar kowa, sai fili sumul a ƙasa yana jira. Lokacin na yi mata tsiya, na ce kin kama mana ɗaki tun kafin mu yi niyyar tafiya. Yau na tarar da jajayen furanni a gabansa, an shuka su a jere, an yi musu ban-ruwa.

Ya kashe injin. "Ka zo duba filinka?"

Na ce hannu na zo ka sa min.

"Zan sa. A sassaƙa ranar da ta rasu. Fasto ya yi addu'a a nan, mu sauka ɗakin ƙasan coci mu ci abinci, kamar yadda ake yi wa kowa. Washegari ka zo ka karɓi takardarka."

Na ce babu kowa a nan, Orrin, ko haƙawa ba a yi ba.

"Na sani. Ni ke yanke ciyawar da ke kai."

Sai ya fara. Wai babu gidan da aka yi rasuwa a garin nan Noreen ba ta shiga da tukunyar dankali ba. Ita ke jera tebura, ita ke wanke kwanuka a ƙarshe. Matan cocin har yau suna tare shi suna tambaya yaushe za su rama mata. "Me zan ce musu? Tana firiza, ku dakata?"

Na ce masa in aka sassaƙa ranar nan, na ce ta ƙare ke nan, da hannuna. Ni ban yarda ta ƙare ba. Kuma abin da aka sassaƙa a dutse ba ya goguwa.

"In ta tashi, Sarkin Sanyi, ni zan goge shi. Da haƙorina ma."

Na juya na tafi. Na ji ya tayar da injin tun ban kai mota ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Na ce wa Whitcomb mu kai su kotu. Ya ce za mu iya, za mu iya ci ma, amma sai baɗi war haka. Na ce to in saya wa 'yan kwana-kwana sabuwar mota. Ya rufe fuska da hannu ya ce in yi masa rai kada in maimaita wannan a gaban kowa.

Talata, 11 ga Yuni

Zama ya yi, takarda ɗaya ba ta cika ba, an ɗage. Ardis ta ce in lura, a Agusta ba sa zama, kowa na wurin baje kolin gunduma yana nuna shanunsa. Na Yuli ne na ƙarshe kafin Satumba.

Shanu. Matata za ta ƙare a hamada saboda shanu.

Juma'a, 14 ga Yuni

A otel nake rubutu. Na hau jirgi jiya, na ce bari in zo in gan ta in gaya mata abin da ƙaninta ke yi.

Mutanen kamfanin sun karɓe ni da mutunci, ba laifinsu. Matar da ke kula da ɗakin ta kai ni har gaban tankin. Ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, yana ƙyalli, ina ganin fuskata a jiki ta yi faɗi kamar a bayan cokali. Ba suna a kai, lamba ce, saboda sirrin iyalai. Mutum huɗu ne a ciki, kowa a rigar barcinsa, kai ƙasa ƙafa sama, don ko ruwan ya ragu kai ne ƙarshen abin da zai bushe. Dabara ce mai kyau, da ni ne haka zan yi.

Na tambaye ta ta wane ɓangare Noreen take. Ta ce sai ta duba, ta je ta dawo ta nuna min, ta nan. Na tsaya ta nan ɗin. Ta ba ni wuri ta fita.

Na buɗe baki. Tun daga jirgi nake shirya maganar. Sai na ga ina duba walda. Na bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, na karanta ma'aunin ruwa, na saurari bawul. Aiki ne mai kyau, babu inda zan kushe. Na sa tafin hannu a jikin ƙarfen, ko sanyi babu, haka ya kamata. Na tsaya na tsaya, har matar ta leƙo ta ce ko ina son ruwa.

Ban gaya mata komai ba. Akwai mutum uku a ciki da ban sani ba, ta yaya zan yi maganar gida a gabansu.

Da na fito, zafi kamar bakin tanda. Ko itace ɗaya mai inuwa babu. Noreen da ko rani na jiharmu Wisconsin sai ta yi ta mita.

Litinin, 17 ga Yuni

Na bugo wa Orrin. Na ce a sassaƙa. Ya ce to. Maganar ke nan duka.

Don izini na yi. In rubuta shi a nan, kada wani ya zo ya ce wani abu daban.

Asabar, 29 ga Yuni

Na ce musu ba zan zo addu'ar ba, kuma ban zo ba. Na ajiye mota a ɗaya gefen titi, ƙarƙashin itacen Schroeder. Titi na kowa ne.

Ban san garin na da mutane haka ba. Har Duane, da taye a wuya, kamar an ɗaure akuya. Ardis. Matan ajin ɗinki gaba ɗaya, wasu da sanda. Yaran Orrin da kakinsu. Gilashina a sauke yake saboda zafi, shi ya sa na ji waƙar. Wadda Noreen take yi in tana guga ce. Janelle ta tsaya kusa da kawunta, ya riƙe mata kafaɗa, ita ke kuka shi ke kuka, ƙato da shi. Shekara uku suna riƙe da wannan kukan, wai ni na hana su. Ni ban hana kowa kuka ba.

Suka sauka ɗakin ƙasa. Na ce bari in tafi, ban dai tayar da motar ba. Can sai ga Janelle ta tsallako titi da farantin takarda an rufe shi da leda. Burodi da naman alade, dankali da cuku, wake, kek ɗin lemo. "Matar Schroeder ce ta zuba maka. Ta ce in gaya maka ba rance ba ne." Na ce ba na jin yunwa. Ta ajiye a kan kujera ta ce, "To motar ta ci." Ta koma.

Dankalin bai kai na Noreen ba. Gishiri ya yi kaɗan, albasa kuma ba a soya ta tukuna ba. Na cinye don kada ya lalace a zafi.

Lahadi, 30 ga Yuni

Takardar na cikin akwatin wasiƙuna da safe, da sa hannunsa. Ko a ambulan bai sa ta ba.

Talata, 9 ga Yuli

An ba da izini. Mutum ɗaya ne a kwamitin ya ƙi, surukin sabon zuwan nan. Zauren kusan wayam, daga ni sai Whitcomb sai wani da ya zo neman izinin gina gareji. Ardis ta buga gudumarta ta wuce batu na gaba, kamar abin bai cinye min rabin shekara ba. A bakin ƙofa ta ce, "In ta iso ka gaya mana." Na ce don me, ai kun gama da ita. Ta ce, "Gus, ka yi shiru haka nan ko sau ɗaya."

Na ci. Na faɗa wa Whitcomb tun farko zan ci. Na dawo gida na soya ƙwai.

Alhamis, 18 ga Yuli

Kamfani sun bugo. Da zarar an gama fanka da itatuwan za su tsara motar da za ta kawo ta, farkon Oktoba in sanyi ya fara. Na ce ya yi. Za ta dawo gida kamar yadda na ce. Tankinta ita kaɗai, na riga na gaya musu.

Ba a yi ruwa ba sati biyu. Da safe na biya ta Bethel, hanyata ce ta zuwa sito in na bi ta baya. Furannin sun yi laushi, Orrin bai iya ban-ruwa ba, da tsakar rana yake yi. Na ɗauko jarka a mota. Mai sassaƙar ya yi aiki mai kyau, haruffan sun yi daidai da na sama, ba za ka ce ba rana ɗaya aka yi su ba. Tunda ina tsaye, na gaya wa Noreen izini ya fito. Na gaya mata Duane ya sa taye, da maganar dankalin. Na ɗan jima. Gwiwata ce, sai da na zauna a ciyawar kafin in iya komawa mota.

Orrin ya shigo da injinsa ina karkaɗe wando. Bai tambaye ni me nake yi ba. Na ce masa gefen hagun nan, har yanzu da sunana yake a wurinku? Ya ce ba wanda ya taɓa shi. Na ce to ka rubuto min shaidarsa shi ma, tunda ni ma tankin zan shiga, sharaɗi ya hau kaina. Ya ce zai rubuto.

Sharaɗi ne kawai. Gobe in zo da taki, ƙasar wurin ta gaji.